Anti, an hana ni tuwo mako biyu kafin tiyata, ga bikin autarmu a tsakiya

 

Ni matar aure ce, shekaruna 39, 'ya'yana huɗu, ina sayar da atamfa da leshi a gida. Tun haihuwata ta biyu jikina ya buɗe bai sake komawa ba. Yanzu nauyina kilo 128, ga ciwon suga da hawan jini, gwiwoyina kuma har sun kai sai a kan kujera nake salla. Babu abin da ban gwada ba: shayin rage teɓa, barin abincin dare, tattaki bayan asuba. In na zubar da kilo goma, kafin shekara ta zagayo sun dawo har da ƙari.

Bayan mun yi shawara da maigida da likitan da ke duba ni, na amince a yi min aikin rage tumbi a wani asibiti a Alƙahira. An sa rana, saura mako biyar. Sai ga takarda sun turo ta WhatsApp, wai mako biyu kafin aikin in bar tuwo da shinkafa da burodi da duk wani abu mai zaƙi ko maiƙo, in koma shan wani gari da ake kaɗawa kamar madara sau uku a rana, da ɗan ganye da kifi ko kaza, kada in wuce kalori 1000. Ba su faɗi dalili ba.

Garin nan na neme shi ban samu ba, sai wata da ke oda daga waje, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfina bayan abin da muka riga muka kashe. Sannan bikin autarmu ya faɗo kwana goma kafin ranar aikin. Ni ce babbar ya, ni ce a bakin tukunya, ta yaya zan wuni cikin waina da alkaki ban sa komai a baki ba? Wata ƙawata da aka yi wa irin aikin a Turkiyya ta ce ita sai da ya rage kwana uku ta daina cin abinci, kuma lafiya lau ta fito, wai tsoratarwar likitoci ce kawai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar Hajiya, mahaifiyar maigidana. Ta ce, "In dai za ki iya hana kanki tuwo mako biyu, me zai kai ki ki miƙa ciki a yanka? Ki ci gaba da hakan mana." Na rasa amsar da zan ba ta, har ni kaina na fara kokwanto.

Na kuma yi tunanin in mayar da kwanakin azumi, in samu lada biyu. Ina shan glibenclamide da safe, ina allurar insulin da dare, ga ƙwayar hawan jini. Anti, ki ba ni shawara. Dole ne wannan takurar?

Ƙanwarki, daga Kano

Ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi bikin nan a sa'a.

Sakin layin ƙarshe na wasiƙarki shi ya fi tayar min da hankali, don haka da shi zan fara. Kada ki soma wannan tsarin abinci ko na wuni ɗaya sai kin zauna da likitan da ke duba sugarki. Adadin insulin da glibenclamide da kike amfani da su an auna su ne daidai da tuwon da kike ci yanzu. In kika janye tuwon kika bar maganin yadda yake, suga na iya faɗuwa warwas, mai yiwuwa ma cikin dare kina barci. Yawanci likita zai rage allurar, ya rage ƙwayar ko ya dakatar da ita, wani lokaci har maganin hawan jinin sai an taɓa. Shi zai yanke wannan, ba ke ba, ba ni ba. Ki tanadi na'urar gwaji da isassun tsinkayenta, ki riƙa gwadawa sau da yawa a rana kamar yadda zai tsara miki. In kika ji rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya ko jiri, ki gwada nan take. In ya yi ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, ki sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ki sake gwadawa bayan minti 15. Wannan ba karya doka ba ce, magani ne.

Saboda wannan dalilin ne ban goyi bayan azumin ba. Niyyar tana da kyau, amma jikinki a kwanakin nan yana bukatar ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a warwatse cikin wuni, da ɗan abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Ki ajiye nafilar sai kin warke.

To, dole ne? E, dole ne. Kuma na ji takaicin yadda aka turo miki doka babu bayani, domin wanda ya san dalilin abu ya fi iya jure masa. Wannan tsarin ba jarrabawar haƙuri ba ce, ba kuma don a ga sikeli ya sauka ake yin sa ba. Hantarki ake nema.

Aikin nan ba da tsaga ciki ake yin sa ba. Ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar ake hudawa, a hura iska cikin ya ɗaga, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Ɓangaren hagu na hanta kuwa a kwance yake a kan saman tumbi, daidai inda maƙoshi ya haɗu da shi, wato daidai wurin da likita zai fi yin aiki mai wuya. Sai an sa wani ƙarfe an ɗaga hantar an riƙe ta sama har a gama. Kin sha riƙe hantar rago ranar layya, kin san yadda take da taushi, yatsa ma in ya matsa sai ya huda ta. Ki ƙaddara wadda ta kumbura, ta yi nauyi, kitse ya ratsa ta. Haka hantar mafi yawan masu ƙiba irin taki take, musamman in akwai ciwon suga. Irin wannan tana tare wa likita gani, tana da wuyar ɗagawa, tana saurin tsagewa ta zubar da jini. Akan samu lokacin da likita zai leƙa ya ga babu hanya, ya rufe ya ce a dawo wani jiƙon. Ki tuna kuɗin jirgi da masauki da na asibiti, sannan ki farka a ce miki ba a yi ba.

Abin daɗin shi ne hanta tana saurin amsawa. Tana ajiye sukari a wata siffa da ake kira glaikojin, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da zarar sitaci da zaƙi sun yanke, jiki zai cinye wannan ajiyar cikin 'yan kwanaki, ruwan ya tafi, sannan ya juya kan kitsen da ke cikin hantar. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Ostiraliya ya bi masu shirin irin wannan aiki har mako 12 suna kan ƙaramin abinci, aka ga kusan kashi 80 cikin 100 na raguwar hantar a makonni biyun farko ya faru. Shi ya sa ake cewa mako biyu, ko da yake ana ƙara wa waɗanda suka fi nauyi. Kuma ajiyar sukarin nan da ruwanta, kamar yadda suke saurin tafiya haka suke saurin dawowa. Faranti ɗaya na shinkafar biki da kwalbar lemo ana gab da aiki suna iya mayar da hannun agogo baya.

Ƙawarki ta yi sa'a, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma tana barci aka yi aikin, ba ta ga irin faman da likitanta ya sha ba, kuma hantarta ba taki ba ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Maganar garin kaɗawa kada ta hana ki barci. Amfaninsa shi ne an riga an auna komai a ciki, amma ba shi kaɗai ne hanya ba. Asibitoci da dama a Ingila ma madara marar maiƙo sosai da yogot suke ɗora mutane a kai, wasu kuma abinci na yau da kullum da aka auna. Ki rubuta wa asibitin yau, ki ce ba ki samu garin ba, ki nemi a haɗa ki da mai tsara abincinsu, ki jera mata abin da ke kasuwarmu. Abin da ake nema shi ne furotin kamar giram 60 zuwa 80 a rana don kada tsokarki ta zube, sitaci kaɗan ƙwarai, mai kaɗan ƙwarai. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6. Gasasshen kifi ko tsokar kaza da aka cire wa fata, mai nauyin giram 100, wato kamar faɗin tafin hannunki, yana ba da fiye da giram 20. Ga awara, muddin dafa ta aka yi ko gasawa, ba suya ba. Ga zogale, alayyahu, rama, kabeji, kokwamba, kuɓewa. Miyar kuka da kifi ko farfesun kaza da aka kwashe man da ya taso sama za su riƙe ki da dare. Nonon da aka kaɗe aka cire man ya fi kindirmo dacewa, sai dai ki nemi wanda kika amince da tsabtarsa, ko yogot marar sukari, don gudawa ana saura kwanaki kaɗan ba ƙaramar matsala ba ce.

Ki kula da masu shigowa a sace. Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja kalori 120 ne, kin ga cokali biyu sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rabonki na wuni. Kunu, koko, fura, zuma, dabino da lemon kwali, duk da muna ganinsu abin sha ne ko abin lafiya, suna cikin abin da aka hana. Ƙuli-ƙulin kwaɗo ma sai ki tambaya.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana uku ko huɗun farko akwai wuya: ciwon kai, kasala, saurin fushi, warin baki, wani lokaci bayan gida ya yi tauri. Daga nan yunwar takan lafa. In kika lissafa, bikin zai zo daidai lokacin da mafi wuyar ya fara wucewa. Ki sauka daga bakin tukunya a wannan karon. Ki ɗauki aikin karɓar baƙi da kula da kayan amarya, ki bar wa ƙannenki da masu aiki girki da ɗanɗano. Ki ci naki a gida kafin ki fita, ki tafi da kularki da gorar ruwa, da na'urar gwaji da ɗan sukari a jaka. Ki samu mutum ɗaya, ko Mama ko wata ƙanwa mai baki, ki gaya mata gaskiya, ita za ta riƙa tare miki masu "haba, ɗan wannan ai ba zai yi komai ba." Sauran jama'a "likita ya hana ni" ta ishe su. In kuma aka yi rashin sa'a kika ci, kada ki ce ai an riga an ɓata ki saki jiki. Ki koma kan tsari a abinci na gaba, ki kuma sanar da asibitin abin da kika ci da ranar da kika ci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara su ƙara miki kwanaki da su tarar da abin da ba su shirya masa ba.

Hajiya kuwa tsoro ne ya sa ta magana. Uwa ce, ta ji za a taɓa cikin uwar jikokinta a wata ƙasa, kuma tana da gaskiya cewa aikin ba wasa ba ne. Amma tambayarta tana da amsa, amsar ma tana cikin wasiƙarki: kin sha zubar da kilo goma suna dawowa. Wannan ba ragwanci ba ne. Idan nauyi ya sauka, jiki yakan ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, mai suna girelin, ya kuma rage ƙarfin da yake ƙonawa, har sai ya mayar da abin da ya rasa. Mutum yana iya danne wannan na mako biyu, amma kaɗan ne ke iya danne shi shekara da shekaru. Abincin kalori 1000 kuma ba a tsara shi don zaman dindindin ba. A irin aikin da aka fi yi yanzu ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, har da sashen da ya fi samar da girelin ɗin, shi ya sa yunwar kanta take sauyawa, suga kuma yakan gyaru sosai ga mutane da yawa. Kada ki yi musu da ita. Ki roƙi maigida ya kai ta wurin likitanki ta ji da kunnenta, ta yi duk tambayar da take so. In ta gamsu, ita ce za ta fi kowa tsaya miki idan kin dawo kina shan romo da cokali, domin makonnin farko bayan aiki ma ruwa-ruwa ne, sannan mai laushi.

Kokwanton da kika ce kin fara, shi ma kada ki haɗiye shi. Ki kai shi gaban likita. Har ranar aikin kina da ikon cewa a dakata.

Akwai abubuwan da ba za su jira sai mako biyun sun zo ba. Shayin rage teɓa da duk wani jiƙo ko haɗin gargajiya ki ajiye su daga yau, wasunsu suna wahalar da hantar da muke lallashi. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin, akan dakatar da ita mako huɗu kafin babban aiki saboda haɗarin daskarewar jini, kin ga mako ɗaya kawai ya rage miki ki tambaya, kuma za ki bukaci wata hanyar, tunda ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin. Ki ɗauki hoton kwalin kowane magani da kike amfani da shi ki tura wa asibitin. Sannan tun kafin ki hau jirgi ki san wane likita ne a Kano zai karɓe ki in kin dawo, wanda zai riƙa duba jininki yana bin sawun ƙwayoyin bitamin da za ki ci gaba da sha, ki kuma nemi asibitin su ba ki cikakken rahoton aikin a rubuce ki kawo masa.

Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba amarya zaman lafiya. Ki rubuto min in kin dawo.

Antinki