Darasi: Gubar Kifin Teku da Lafiyar Iyali

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, amma kifin teku yana shiga tukwanenmu. Yana zuwa a daskare cikin kwalaye daga tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Lome, ko a cikin gwangwani, har ya kai kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Kifi abinci ne mai gina jiki, yana taimakon girman yaro da ƙarfin mace mai ciki ko mai shayarwa. Ya ku iyaye mata da masu faɗakarwa na ƙauyuka da unguwanni, ba hana ku cin kifi wannan darasi yake yi ba. Yana nuna muku yadda za ku zaɓe shi, ku adana shi, ku kuma gane alamun guba da wuri.

Gubar da ke fitowa daga cikin teku

A cikin ruwan teku akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Wani lokaci sukan yawaita har ruwan ya rikiɗa ya yi ja, kuma wasunsu na ɗauke da guba. Ƙananan halittu su ci tsirran, manyan kifaye su ci ƙananan, ta haka gubar take taruwa har ta kai ga mutum. A shekarar 1987, a tsibirin Prince Edward na ƙasar Kanada, fiye da mutum 100 suka kwanta bayan sun ci wasu halittun ruwa masu ɓawo; 3 suka rasu, wasu kuma suka kamu da mantuwa. A 1998 irin wannan guba ta kashe fiye da zakunan teku 400 a gaɓar Kalifoniya ta Amurka. Akwai kuma gubar sigwatera, wadda ake samu a manyan kifayen tekuna masu ɗumi, kamar na yankin Karibiyan da Pasifik. Wanda ta kama yakan taɓa abu mai sanyi ya ji yana ƙona shi.

Wata gubar kuma mutum ne ke zuba ta. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956, aka gano wata cuta da ta samo asali daga zaibar da wata masana'anta take zubarwa cikin teku. Kifaye da tsuntsaye da kyanwoyi suka mutu, aka haifi jarirai da naƙasar ƙwaƙwalwa. Zaiba ta fi taruwa a jikin manyan kifaye masu cin ƴan'uwansu. Don haka ƙananan kifaye, irin su sardin, sun fi dacewa da mace mai ciki da ƙananan yara.

Gubar da ta fi kusa da mu

Wadda ta fi shafarmu ita ce gubar histamin, kuma zafi ne ke haddasa ta. Kifaye irin su makaro, ton da sardin suna buƙatar sanyi tun daga kamu har zuwa tukunya. Idan ƙanƙara ta narke a hanya, ko wutar lantarki ta ɗauke, ko kifin ya wuni a kan tebur cikin rana, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa su samar da wannan guba a cikin tsokarsa. Ku riƙe wannan da kyau: da zarar gubar ta samu, dafuwa ba ta kashe ta, suya da banda ba sa kashe ta, mayar da kifin cikin firigo ma ba ya gyara shi. Wani lokaci ma kifin ba ya wari.

Alamomin sukan bayyana daga ƴan mintoci zuwa awa 2 bayan cin kifin: zafi kamar na barkono a baki, fuska da wuya su ɗauki zafi, ƙaiƙayi da ƙuraje, ciwon kai, bugun zuciya, amai da zawo. Babban mutum yakan warware cikin kwana ɗaya. Yaro ƙarami kuwa, musamman mai fama da tamowa, amai da zawo na iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin gaggawa.

Abin da za ku kiyaye

Ku sayi kifin da yake daskare da tauri kamar dutse. Ku guji wanda ya yi laushi, ko yake yoyon ruwa, ko ya narke aka sake daskarar da shi.

Ku dafa shi da zarar kun iso gida. Wanda aka dafa kuma kada ya kwana a waje da firigo.

Kada ku sayi gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa ko ya fashe. Ku duba ranar ƙarewar amfaninsa. Idan kun buɗe, a cinye a ranar.

Idan kun ɗanɗana kun ji yaji alhali ba a sa barkono ba, ku zubar, kada ku bai wa yaro.

Jariri nono kaɗai yake buƙata har wata 6. Daga nan ana iya dafa kifi sosai, a cire ƙaya duka, a niƙe shi a cikin kununsa. Kifin gida, irin tarwaɗa da karfasa na kogi da na tafkunan Madarunfa da Tabalak, shi ma yana gina jiki idan sabo ne ko an yi bandarsa da kyau.

Idan wani ya kamu

A daina cin kifin nan take. A ci gaba da shayar da jariri, a bai wa yaro ruwan gishiri da sukari na likita kaɗan-kaɗan. A garzaya asibiti mafi kusa idan numfashi ya yi wuya, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko yaro ya ƙi nono, ko idanunsa sun faɗa, ko amai ya ƙi tsayawa. Mace mai ciki ma kada ta jira.

Ku masu faɗakarwa, idan mutum 2 ko fiye suka kamu bayan sun ci kifi ɗaya, ku tambayi inda aka saye shi da ranar da aka saya, ku sanar da shugaban asibitin yankinku a ranar, domin a tsayar da sauran kifin kafin ya shiga wasu gidaje.