Murɗewar Saifa da Hauhawar Jini a Jijiyar Hanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san saifa. A jikin ɗan'adam tana ɓangaren hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta kimanin giram 150. Aikinta shi ne tace jini da yaƙar ƙwayoyin cuta. Jinin da ya fito daga cikinta yakan haɗu da na hanji a wata babbar jijiya wadda ke kai shi hanta.

To, me zai faru idan wannan hanya ta cushe? Manoman shinkafa na fadamar Zauro da masuntan Argungu sukan wuni cikin ruwa, inda dodon-koɗi ke sakin tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Wani irinta yana sa fitsarin jini, wani kuwa a jijiyoyin hanji yake zama. Ƙwayayen wannan na biyun sukan maƙale a hanta su bar tabo, sai jini ya taru kamar ruwa bayan madatsa. Wannan shi ne hauhawar jini a jijiyar hanta, kuma yakan kumbura saifa. Yawan zazzaɓin cizon sauro ma yana kumbura ta.

Wasu tantani ne ke riƙe da saifa a mazauninta. Idan aka haifi mutum da su sakwa-sakwa, ko nauyi ya miƙar da su, saifa takan yi reto kamar duma a jikin yaɗo, har ta juya ta murɗe jijiyoyinta. Jijiyar da ke fitar da jini ita ce ta fara shaƙewa, domin bangonta ba kauri. Jini ya shiga, ya rasa mafita, sai ya karkata zuwa ƙananan jijiyoyin tumbi, su kumbura, wani lokaci su fashe mutum ya yi aman jini. Ashe ke nan hauhawar na iya share wa murɗewa fage, murɗewar kuma na iya haifar da hauhawar.

Ba kasafai saifa ke murɗewa ba, amma idan ta murɗe, jinkiri yakan kashe ta, har sai an cire ta. Saboda haka matsanancin ciwo a hagun ciki tare da ƙullutu mai motsi ba na tsagar wanzami ba ne. A gaggauta zuwa asibiti, a Birnin Kebbi ko Argungu, a ɗauki hoton ciki. Malamai kuma su ƙarfafa wa ɗalibai shan maganin Praziquantel duk lokacin da jami'an lafiya suka kawo shi makaranta, domin shi ke kashe tsutsar tun hanta ba ta yi tabo ba.