KAFIN KA TURA: ISNADI, MATANI DA LABARAN WAYA



'Yan uwa, darasinmu na yau a kan labari ne: yadda yake tasowa, hannun da yake bi kafin ya iso wayarka, da nauyin da yake hawa kanka idan ka tura shi gaba. A jami'o'i akwai fanni guda da ake kira ilimin sadarwa da jama'a. Duk ɗalibin da ya karanta Musɗalahul Hadisi, idan ya leƙa wannan fannin zai ga fuskokin da ya sani.

1. Rukunan saƙo

A 1948 wani masani ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya taƙaita harkar sadarwa a tambayoyi biyar: mai maganar, abin da ya faɗa, hanyar da ya bi, wanda ya faɗa wa, da tasirin da maganar ta yi. Malaman hadisi sun daɗe da raba ruwaya gida biyu. Akwai isnadi, wato jerin mutanen da maganar ta bi ta hannunsu, akwai kuma matani, wato ita kanta maganar. Ba sa karɓar hadisi a matsayin ingantacce sai ya cika sharuɗɗa biyar: isnadin ya haɗu babu yankewa, masu ruwayar adalai ne, masu kiyayewa ne, bai saɓa wa ruwayar waɗanda suka fi ƙarfi ba, kuma babu wata ɓoyayyar illa a cikinsa.

To ɗauki saƙon da ya shigo zauren WhatsApp ɗinku da safiyar nan ka ɗora shi a wannan ma'aunin. Wa ya rubuta? "An ce." Daga ina? "Wani soja ne ya faɗa." Wane soja, a wane bariki? Shiru. A wurin malaman hadisi wannan shi ne majhuli, wanda ba a san ko wane ne ba, kuma ba a kafa hujja da ruwayarsa. Mu kuwa Malam An-ce ya zama babban shehinmu.

2. Mai gadin ƙofa

Abubuwa dubbai ke faruwa a duniya kullum, 'yan kaɗan ne suke zama labari. Wanda yake zaɓar abin da zai wuce da wanda za a bari, shi masana suke kira mai gadin ƙofa. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, an san editanta, Abubakar Imam. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 shi ma an san inda yake da wanda yake da shi. Wannan ba ya nufin ba su da manufa ko ba sa kuskure. Kowace kafa tana da mai ita, tana da inda take samun kuɗi, kuma sanin waɗannan yana cikin fahimtar labarinta. Amma dai in sun yi kuskure akwai wanda za a riƙe.

Yau mai gadin ƙofar Facebook da TikTok lissafi ne na kwamfuta. Larabawa suna ce masa khawarizmiyya, daga sunan malamin lissafin nan na Bagadaza, Al-Khawarizmi. Wannan lissafin yana lura da abin da kake daɗewa a kansa, da abin da kake dannawa, sai ya ƙaro maka irinsa, domin kamfanin da talla yake cin abinci, kuma tallar tana buƙatar ka zauna. Ba ruwansa da gaskiya ce ko ƙarya. Abin da ya tayar maka da hankali ya fi riƙe ka, shi ya sa za ka ga raddi da zagi sun fi karatun Ahalari tafiya. Sannu a hankali sai ka wayi gari ba ka ganin kowa sai masu ra'ayinka, har ka ɗauka duniya duk haka take.

3. Abin da ake sa mu tattauna

A 1972 wasu masana biyu, McCombs da Shaw, suka fitar da binciken da suka yi a kan zaɓen Amurka na 1968. Sun gano cewa batutuwan da kafafen labarai suka fi maimaitawa su ne masu zaɓe suka ɗauka sun fi muhimmanci. Ka gane? Ko da ba a canza maka ra'ayi ba, an riga an zaɓar maka abin da za ka yini kana magana a kai. Tambayi kanka: wannan cece-kucen da muka kwana uku muna yi, wa ya kawo shi? Me muka bari ba mu tattauna ba a kwanakin nan uku? Makarantar unguwa da rufinta ya yaye ba ta da mai ɗaukar ta a bidiyo.

4. Kusurwar da aka ɗauko labari

Ana iya faɗin gaskiya zalla a kuma ɓatar da mutum da ita. Kalmar da aka zaɓa, hoton da aka liƙa, abin da aka fara da shi, da abin da aka yi shiru a kansa, duk suna juya fahimta. Misali mafi kusa da mu: malami ya yi karatun awa guda, sai a yanko daƙiƙa talatin inda yake kawo maganar da zai warware, a watsa a ce fatawarsa ce. Muryarsa ce, bakinsa ne, amma ƙarya aka yi masa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A zamanin da ƙirƙirarriyar basira take iya kwaikwayon murya da fuska, ganin ma sai an bincike shi.

5. Tasiri

Kada wani ya ce ai magana ce kawai. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu suka yi. An kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasu. Mafi yawan waɗanda suka tura saƙon nan ƙauna ce ta sa su.

A watan Yunin 2018 kuma, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna da bidiyo masu tayar da hankali a Facebook. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Amma ya riga ya shiga zukata, kuma an tare hanya an kashe matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Abin da Shari'a ta ɗora mana

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin tsaro ko na tsoro da zarar ya iso musu, maimakon su mayar da shi ga waɗanda suka iya tantancewa.

Sannan ku duba ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha (RA). Munafiki Abdullahi bn Ubayyu ne ya kitsa, amma cikin waɗanda suka ɗauka suka yaɗa akwai sahabbai na ƙwarai, irin su Misɗahu wanda ya halarci Badar. Wata guda gidan Annabi (SAW) yana cikin ƙunci kafin ayoyin Suratun Nur su sauka. Ku lura da aya ta 15: ta siffanta su da karɓar labarin da harsunansu. Da kunne ake karɓar magana, amma da yake ba ta tsaya a hankali ba, kamar daga harshe ta faɗa harshe. Yau daga yatsa take faɗawa yatsa.

Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa mutum ya faɗi duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya ishe shi ƙarya. A Bukhari kuma, cikin hadisin Samura bn Jundub na mafarkin Annabi (SAW), an nuna azabar mutumin da yake fita daga gidansa ya yi ƙaryar da za ta kai sasannin duniya. A da sai a yi mamakin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta kai haka. Yanzu datar naira ɗari ta isa.

Don haka duk wanda ya danna turawa ya shiga isnadin wannan labarin. Rubuta "kamar yadda na samu" ba ya sauke nauyi.

Kafin ka tura, yi waɗannan:

1. Nemo wanda ya fara faɗa. In babu suna, babu wuri, babu rana, ajiye shi.
2. Duba ko wata kafa da aka sani, mai ofishi da suna, ta kawo shi.
3. Hoto ko bidiyo, binciki yaushe aka ɗauka kuma a ina. Google Lens yana nuna inda hoto ya taɓa fitowa.
4. Gutsuren karatun malami, nemi cikakkensa. Hadisi kuma, nemi littafin da ya zo a ciki, ko ka tambayi mai ilimi.
5. In ka ga alamar WhatsApp ta cewa an tura saƙo sau da yawa, ko an ce "don Allah ka tura wa mutum goma", ƙara taka-tsantsan.
6. In labarin ya yi daidai da abin da kake so a ce game da ƙungiyar da ba taka ba, ko ƙabilar da ba taka ba, nan ne ya fi kamata ka tuhumi zuciyarka.
7. Ko ya tabbata gaskiya ne, tambayi kanka amfanin yaɗa shi. Asirin musulmi da hoton gawa ba abin watsawa ba ne.

In kuwa ka riga ka tura sai daga baya ta bayyana ƙarya ce, koma zauren da ka tura ka warware da bakinka, ka nemi yafiyar wanda aka ɓata wa suna. Magana zarar bunu ce, amma gyaran da ka yi yana rage kaya ranar hisabi.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wallahu a'alam.