Jini da Lokaci: Darasi Daga Binciken Wani Likitan Gaggawa

Gabatarwa

A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗarin hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Da yawa daga cikin masu mummunan rauni suna isa asibiti da ransu, amma jininsu ya ci gaba da tsiyayewa har rai ya yi halinsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin binciken Farfesa Tim Coats, likitan sashen gaggawa a ƙasar Ingila, da abokan aikinsa, domin a ga yadda tambaya guda da ta taso a gefen gadon majiyyaci ta sauya yadda ake kula da masu rauni a duniya.

Yadda jini ke daskarewa

Baligi mai nauyin kilo 70 yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Idan ya zubar da rabin lita, jiki kan jure, domin kwatankwacin abin da ake ɗiba ke nan daga mai ba da gudummawar jini. Amma idan abin da ya zuba ya kai lita 2, to rai na cikin haɗari. Zuciya za ta riƙa bugawa da sauri, fata ta yi sanyi, ƙishirwa ta tsananta, hankali ya fara gushewa, saboda iskar oksijin ta daina isa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda yadda ya kamata.

Jiki yana da dabarar toshe ɓaraka. Da zarar jijiyar jini ta yanke, sai ta tsuke bakinta. Daga nan wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet su taru su manne a wurin. Sannan wani furotin da hanta ke sarrafawa, mai suna faibirinojin, ya rikiɗe ya zama zarurruka da ake kira faibirin. Waɗannan zarurruka su ne ke saƙa wata irin raga wadda ke kama jajayen ƙwayoyin jini, har a sami gudan jinin da zai toshe raunin.

Har ila yau, jiki yana da hanyar warware wannan raga bayan ta gama aikinta, domin da babu ita, da gudajin jini sun toshe jijiyoyi. Mai wannan aiki shi ne filasmin, wanda ake iya kwatanta shi da almakashi. Yana yawo a cikin jini a siffar da ba ta yanka, wadda ake kira filasminojin, sai ya kama zaren faibirin sannan a tayar da shi. A jikin mai lafiya, saƙa da yanka suna tafiya bisa ma'auni.

Abin da aka gano a Landan

An daɗe da sanin cewa jinin wasu masu mummunan rauni ba ya daskarewa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne cewa ruwan da ake ƙara musu ne ke tsinka jinin, ga kuma sanyin da ke kama jikinsu. A shekarar 2003, Coats tare da Dokta Karim Brohi da wasu abokan aiki biyu suka wallafa nazarin bayanan majiyyata 1,088 da jirgi mai saukar ungulu ya kai asibitin Royal London. Sun gano cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na majiyyatan sun iso asibiti ne jininsu ya riga ya daina daskarewa yadda ya kamata. Matsalar ba ta bi yawan ruwan da aka ƙara musu a hanya ba, tsananin raunin ta bi. Bugu da ƙari, kashi 46 cikin 100 na masu wannan matsala sun rasu, alhali a cikin waɗanda ba su da ita kimanin kashi 11 ne suka rasu.

Ma'anar wannan ita ce raunin da kansa yana dagula ma'aunin jini tun daga mintocin farko. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne filasmin kan yi yawa, ya riƙa yanka ragar tun ba a gama saƙa ta ba.

Tsohon magani, sabuwar tambaya

Maganin da ke dakatar da filasmin ya riga ya samu tun da jimawa. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Japan, Utako Okamoto da mijinta Shosuke Okamoto, su ne suka ba da labarinsa a shekarar 1962. Sunansa tiranekzamik asid. Siffarsa ta yi kama da ta laisin, wato ɓangaren zaren faibirin da filasminojin ke kamawa. Saboda haka idan maganin ya shiga jini, sai ya cike gurbin da filasminojin ke kama zaren da shi, almakashin ya rasa inda zai riƙe, gudan jini ya tsira. Likitocin tiyata sun daɗe suna amfani da shi don rage zubar jini, kuma ba shi da tsada.

To, ko zai amfani wanda mota ta buge? A shekarar 2004, Coats da Ian Roberts da Haleema Shakur suka tattara gwaje-gwajen da aka taɓa yi a kan masu rauni, suka tarar ƙalilan ne, kuma ba su isa hujja ba. Akwai kuma fargabar kada maganin ya jawo gudan jini a zuciya ko huhu. Zato kaɗai ba ya wadatarwa a irin wannan lamari, kuma a wannan shekarar ce aka ga misalin haka ƙarara. Likitoci sun shafe shekaru suna ba masu raunin kai maganin sitiroid bisa zaton yana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Da aka gwada shi a kan mutane 10,008, sai aka ga kimanin kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka ba shi sun rasu cikin mako biyu, alhali a ɗaya rukunin kimanin kashi 18 ne.

Gwajin CRASH-2

Daga shekarar 2005 zuwa 2010 aka gudanar da babban gwaji mai suna CRASH-2, wanda Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta jagoranta, kuma Coats na cikin waɗanda suka tsara shi. Majiyyata 20,211 ne suka shiga, daga asibitoci 274 a ƙasashe 40, ciki har da Nijeriya da Masar da Indiya da Kolombiya.

Ya kamata ɗalibi ya lura da tsarin gwajin. An raba majiyyatan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka ba su giram 1 na maganin ta jijiya cikin minti 10, sannan wani giram 1 cikin awa 8. Ɗaya rukunin aka ba su ruwan gishiri zalla a kwalba iri ɗaya. Likita bai san abin da ke cikin kwalbar ba, majiyyaci ma bai sani ba. Hikimar ƙuri'a ita ce kowane rukuni ya ƙunshi tsofaffi da matasa, masu babban rauni da masu ƙarami, daidai wa daida, ta yadda duk bambancin da aka gani daga baya za a iya jingina shi ga maganin.

An wallafa sakamakon a mujallar Lancet a shekarar 2010. A rukunin da aka ba maganin, mutum 1,463 suka rasu cikin mako huɗu, wato kashi 14.5 cikin 100. A rukunin ruwan gishiri kuwa, mutum 1,613 suka rasu, wato kashi 16. Wannan na nufin idan aka ba mutum 67 maganin, za a tsirar da ran mutum ɗaya. Ba a kuma ga ƙarin toshewar jijiyoyin da aka ji tsoro ba. A shekarar 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna.

Muhimmancin lokaci

Darasi mafi girma ya fito ne a shekarar 2011, da aka sake duba alƙaluman bisa lokacin da aka ba da maganin. A cikin waɗanda aka yi wa allura a awar farko bayan rauni, kashi 5.3 cikin 100 ne zubar jini ya kashe, idan aka kwatanta da kashi 7.7 a ɗaya rukunin. Tsakanin awa 1 zuwa 3, alƙaluman sun zama 4.8 da 6.1. Bayan awa 3 kuwa sai lamarin ya juya: 4.4 ga masu maganin, 3.1 ga masu ruwan gishiri. Wato maganin da ke ceto da wuri, ba ya amfani idan an makara, ƙila ma ya cutar. Wani nazari na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa amfaninsa na raguwa da kashi 10 cikin 100 a duk jinkirin minti 15.

Abin da ya shafi ɗalibi

Allurar wannan magani aikin ma'aikatan lafiya ce, amma mintocin farko suna hannun wanda ke kusa. Wanda ya tarar da mai zubar da jini ya danne raunin da ƙarfi da tsabtataccen ƙyalle, kada ya ɗaga don leƙawa. Kada a zuba ƙasa ko toka a kan rauni, kada kuma a zare wuƙa ko ƙarfen da ya nutse a jiki. A lulluɓe majiyyaci don kada sanyi ya kama shi, domin sanyi na rage daskarewar jini. A riƙe lokacin da haɗarin ya auku, a faɗa wa likita. A Nijeriya ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.

Rigakafi kuwa ya fi magani, kuma alƙaluma sun tabbatar da haka. Wani nazari na shekarar 2008 ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwar mai babur da kimanin kashi 42 cikin 100, tana kuma rage raunin kai da kimanin kashi 69.

Kammalawa

An ga yadda lura da majiyyata ta haifar da tambaya, tambaya ta haifar da gwaji, gwaji kuma ya tabbatar da cewa magani mai araha na ceton rai muddin ya isa jikin majiyyaci cikin awa 3. Saboda haka saurin kai mai rauni asibiti wani ɓangare ne na maganinsa.

Tambayoyi

1. Bayyana aikin faibirin da na filasmin, da abin da zai faru idan ɗayansu ya rinjayi ɗaya.
2. Me ya sa aka ɓoye wa likita abin da ke cikin kwalba a gwajin CRASH-2?
3. Idan asibiti ya ba masu rauni 2,000 wannan magani, rayuka nawa ake sa ran tsirarwa?