Hasken da ido ba ya gani

Ranar Lahadi 9 ga watan Oktoba 2022, wajen ƙarfe 3 na rana, wani haske mai tsananin ƙarfi ya iso duniyarmu. A Alhilla Kuku ta ƙasar Sudan, mutane suna ta harkokinsu. Babu wanda ya gan shi. Haka ma a Maraɗi da Kano. To, don me?

Haske iri-iri ne. Akwai wanda ido yake gani, kamar na rana da na fitila. Akwai kuma wanda ido ba ya gani, kamar wanda likita yake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Wanda ya fi kowane ƙarfi, shi ne hasken gamma.

Idan wani ƙaton tauraro ya mutu, yakan fashe ya watso wannan haske. Cikin ƴan daƙiƙu, yakan fitar da ƙarfin da rana za ta fitar a dukan rayuwarta. Hasken da ya iso mu a 2022 ya yi tafiyar shekara wajen miliyan 1900 kafin ya zo.

Hasken gamma yana da haɗari ga jikin mutum. Amma iskar da ta kewaye duniya tana tare shi, kamar yadda rufin ɗaki yake tare ruwan sama. Shi ya sa bai cuce mu ba. Shi ya sa kuma masana ba sa iya kama shi kai tsaye daga ƙasa. Dole su ɗora madubin hangen nesa a kan tauraron ɗan adam, su harba shi can bisa iska.

A 1967 aka fara gano irin wannan fashewa. Amurka ce ta harba taurarin ɗan adam masu suna Vela, don su yi gadin gwajin bam na nukiliya. Sai ga shi sun kama haske daga nesa ƙwarai. A 2004 aka harba Swift, a 2008 aka harba Fermi. Su biyun duk sun kama hasken 2022. Tashar karɓar saƙon Swift a Afirka aka kafa ta, a garin Malindi na ƙasar Kenya. A 2024, Faransa da Sin suka harba nasu mai suna SVOM.

Yara, iskar nan da muke shaƙa garkuwarmu ce. Mu kula da ita, kada mu ɓata ta.

Ma'anar kalmomi
Tauraron ɗan adam: na'urar da mutane suka ƙera, tana zagaya duniya.
Madubin hangen nesa: na'urar duba abin da yake nesa.

Tambayoyi
1. Don me mutanen Alhilla Kuku ba su ga hasken ba?
2. Daga ina hasken gamma yake fitowa?
3. Me yake kare mu daga shi?
4. Shekara nawa ne tsakanin 1967 da 2022?