Bashi, da Inda Mai Gida Zai Nemi Taimako

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya ke shakkar wannan magana ya tsaya a Ƙofar Mazugal da sassafe, ya dubi masu fita zuwa Fagge da mayanka, da masu shiga zuwa Kasuwar Kurmi. Mahauci ya karɓi sa a hannun dillali, sai ya sayar da nama sa'an nan ya biya. Mai tebur ya ɗauki kaya a kanti, sai ciniki ya faɗa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya ci sarauta a 1463, ya kuma kafa Kurmi, cinikin Kano a kan amana da lamuni ya ke tafiya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai kamfanonin Turawa su ka riƙa ba manyan attajirai kuɗi tun kafin kaka, su kuma su ba yaransu, yaran su ba manoma. Saboda haka cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin da ke kā da mutum shi ne bashin da bai san iyakarsa ba, da wanda ya ɓoye har ya girma.

To, ya kai mai karatu, tun da yanzu hannunka ya iya alƙalami, taimako na fari yana gare ka. Ka sami littafi ƙarami, ka keɓe shi domin wannan aiki. A shafi ɗaya ka rubuta abin da ke shigo ma ka a wata. A shafi na biyu ka rubuta abin da ke fita: cefane, da haya, da kuɗin wuta, da na 'yan garuwa, da na makarantar yara, da magani. A shafi na uku ka rubuta sunan kowane mai bin ka, da nawa ya ke bin ka, da ranar da ku ka yi alkawari. Kada ka rage ko ɗaya, har da bashin mai shayi. Mu da mu ke aikin akawu mun sha ganin mutum ya zo yana cewa bashi ya yi ma sa katutu, amma in an tambaye shi nawa ne, sai ya ce Allah ne masani. Sa'ad da a ka zauna a ka tara, wani sa'i ya fi abin da ya ke zato, wani sa'i bai kai ba. Ko wanne ne, ya fi barci a daren nan, domin abin da ya ke tsoro ya zama lamba a kan takarda.

Rubuta bashi ba al'adar Turawa ba ce. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke magana. Kakanninmu da ba su iya rubutu ba malami su ke nema. Kai yanzu an hutasshe ka.

In ka dubi shafi na uku da kyau, za ka ga bashi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke tsaye inda ya ke, kamar na ɗan'uwa ko na mai kanti. Akwai wanda ke haihuwa, watau bashin ruwa. Ga misali. A ce ka ranci naira 20,000, a kan kowane wata ka ba da goma bisa ɗari. Watau naira 2,000 ke nan a wata. In shekara ta zagayo, ka ba da naira 24,000, ya fi abin da ka ranta, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Ka lasafta da kanka ka gani. Irin wannan shi ya kamata ka fara kashewa, bayan ka tsare abincin iyali da wurin kwana.

Akwai sabon salon wannan tarko, wanda ke zuwa ta wayar hannu. Su ba ka kuɗi nan take, ba shaida, ba jingina, amma ka yarje mu su su ga sunayen mutanen da ke cikin wayarka. Ranar da ka makara, sai su aika wa surukinka da maigidanka saƙo cewa kai macuci ne. Abin ya yi yawa har hukumar tarayya mai kāre masu saye, wadda a ke kira FCCPC, ta kafa mu su ƙa'ida a 2022, ta ce sai sun yi rajista. Duk da haka, ni a ganina, mai iyali ya nisance su ya fi ma sa alheri. Wanda ya ranta a can domin ya biya a nan, rami ya haƙa ya cike rami.

Taimako na biyu yana wurin mai bin ka, ko da ya ke mutane ba su son jin haka. Galibi wanda a ke bi ya kan sāke hanya, ya bi ta lungu don kada ya wuce ƙofar shagon. Wannan shi ke hasala mai dukiya, domin ya ga an raina shi. Ka riga shi. Ka tafi kafin ranar alkawari, da littafinka a hannu, ka ce, "Alhaji, ga abin da na ke samu, ga abin da zan iya kawowa kowace Juma'a." Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don ka faranta ma sa rai na rana ɗaya. Kaɗan da ke zuwa a kan kari ya fi mai yawa da ke bakin mutum. In kana jin nauyinsa, ka tafi da dattijo, ko liman, ko mai unguwa. Aya ta 280 a wannan sura ta umurci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, attajiran birni kuwa sun san ta.

Haka kuma kuɗin wuta. Tun 2013 kamfanin KEDCO ke raba wutar lantarki a Kano. In an kawo ma ka takarda, ka karanta ta, ka adana rasit na kowane biya. In ka ga kuɗin ya wuce kima, ka tafi ofishinsu da takardunka, ka rubuta kuka, ka riƙe kwafe. Gidan da ke da mita mai kati ya fi sanin inda ya ke.

Adashi kuwa tsohon magani ne, mata sun fi mu iya shi. Mutum goma su zuba naira 5,000 kowane mako, ɗaya ya kwashi 50,000, ba ruwa, ba ƙari. Amfaninsa ga abin da ka san yana tafe ne, kamar haya ko ragon suna. Amma ka san uwar adashin, ka san abokan zubi, a kuma rubuta sunan wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Ɗan'uwan adashi shi ne jam'iyyar gama kai, wadda dokarta ta fara a Nijeriya a 1935. Ita tana da rajista da littafi, membobi su tara, su ranta wa junansu. A nan zan ce wani abu da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Bashi da yawa a birni ba yunwa ta kawo shi ba, biki ne, da lefe, da kayan ɗaki, da gudun kada a ce wane ya gaza. Masu cewa ɗin ba su zuwa ranar biya.

In abin ya fi ƙarfin duk wannan, akwai zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lasafta mutum iri takwas da a ke ba, wanda bashi ya danne yana cikinsu, muddin ba a kan ɓarna ya ci shi ba. Haƙƙinsa ne, ba bara ba ce. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, attajirai da yawa kuma su kan fitar da tasu da kansu. Ka nemi limamin unguwa ya shaide ka, domin ba a ba wanda ba a san halinsa ba.

Saura maganar hukuma. Mai bin bashi ya kan tsorata mutum da 'yan sanda. Ka sani dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki. Zamba dabam ce, ita laifi ce. Rigimar bashi wurinta gaban mai unguwa ne, ko ofishin Hisba domin sulhu, ko gaban alƙali. A 2019 kuma an buɗe kotunan ƙananan basussuka a Kano, inda mutum ya ke iya tsayawa da kansa ba lauya. In an kawo ma ka sammaci, kada ka ɓuya. Ka tafi da littafinka da rasit, ka faɗi abin da ka ci, da abin da ka biya, ka roƙi a yanka ma ka biya kaɗan kaɗan.

Ga yadda a ke rubuta takardar bashi. Ka kwafe ta sau uku a littafinka, ka sa sunaye da lambobi na kanka:

Ni wane ɗan wane, na unguwa kaza, na ranci naira kaza a hannun wane, yau ran kaza ga watan kaza, shekara kaza. Zan riƙa biyan naira kaza kowane wata har ya ƙare. An yi a gaban wane da wane.

Kowa ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa. A yi ta biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurinsa. Duk ranar da ka kai wani abu, a rubuta a bayanta.