Ɗufanar Annabi Nuhu da Labarin Al'ummun da Suka Ɓace

 Kwanakin nan ana yawan turo mana bidiyo a waya, wai an gano jirgin Annabi Nuhu, wai an gano birnin da teku ta haɗiye. Wasu kuma suna cewa ai ƙissar ɗufana daga mutanen Babila aka kwaso ta. Shi ya sa muka zaɓi wannan darasi, don mu raba abin da yake wahayi, da abin da yake labarin mutane, da abin da aka tono daga ƙasa.

Abin da Alƙur'ani ya faɗa mana

Suratul Ankabut ta nuna cewa Annabi Nuhu (AS) ya zauna cikin mutanensa shekara 950. Suratu Hud ta kawo sassaƙa jirgi, da izgilin da manyan gari suka riƙa yi masa, da ɗaukar dabbobi namiji da mace, da ɗansa da ya ƙi shiga ya halaka, da tsayawar jirgin a kan dutsen Judi. Masu tafsiri da yawa sun ce dutsen yana yankin Jazira, arewa da Mausil. Alƙur'ani bai kawo shekarar da abin ya faru ba, bai kawo tsawon jirgin ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne dalili, wato shirka da ƙaryata Manzo.

Labaran sauran al'ummu

A 1872 wani Baturen Ingila, George Smith, yana aiki a gidan tarihi na Landan, ya karanta wani allon yumɓu da aka tono a kangon birnin Ninawa, tsallaken kogin Dijla daga Mausil. Allo na 11 ne na labarin sarki Gilgamesh. A ciki an gargaɗi wani mutum mai suna Utnapishtim cewa ruwa na tafe, ya gina jirgi ya shafe shi da kwalta, ya ɗauki iyalinsa da dabbobi. Da ruwa ya lafa sai ya saki kurciya, sannan tsattsewa, sannan hankaka. Mutanen Indiya suna da Manu wanda kifi ya gargaɗa. Girkawa suna da Dukaliyon da matarsa da suka tsira cikin akwati.

To, wannan yana nufin an kwafa ke nan? A'a. Daɗewar rubutu ba ta nuna asalin labari. Annabi Nuhu ya riga masu rubuta allon nan, kuma abin da ya sami kakanni, jikoki sukan riƙe shi ko da ya gurɓace a bakinsu. Ku dubi gurɓatar: a wani tsohon labarin Babila, na Atrahasis, wai alloli ne suka aiko ruwa don hayaniyar mutane ta hana babbansu barci. Ina wannan ina ƙissar da aka gina kan tauhidi da adalci?

Ibn Kasir, a farkon tafsirinsa, ya kasa labaran Banu Isra'ila kashi uku: wanda ya dace da abin da ke hannunmu, wanda ya saɓa masa, da wanda aka yi shiru a kansa, ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi. Wannan ma'auni yana yi mana amfani a nan ma.

Abin da aka tono

A 1929 Leonard Woolley yana haƙa a tsohon birnin Ur, kudancin Iraƙi, ya tarar da laka zalla mai kaurin kusan mita 3, da alamun gidaje a samanta da ƙarƙashinta. Nan da nan aka baza cewa an ga shaidar ɗufana. Daga baya aka sami irin wannan laka a Kish da Shuruppak, amma zamaninsu ya bambanta da na Ur. Ashe ambaliyar Dijla da Furat ce, wadda ta sha faruwa. Kun ga wanda ya rataya imaninsa a kan lakar Ur, da aka warware zancen sai ya rasa madogara.

Amma ƙasashe sun nutse da gaske. Shekara kusan 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ta yi ƙasa da yadda take yau da kimanin mita 120. Inda tekun Fasha take yanzu, tsakanin Iran da Larabawa, a da fili ne. Tsakanin Ingila da Turai ma ana tafiya da ƙafa. A 1931 masunta suka jawo wani mashi na ƙahon barewa a cikin tarunsu daga ƙasan wannan teku. A Gobekli Tepe, kusa da Urfa a Turkiyya, Klaus Schmidt ya fara haƙa a 1995, aka fito da ginshiƙan dutse masu tsawon fiye da mita 5, da zanen dabbobi, waɗanda suka haura shekara 11,000.

Mu ma nan gida muna da namu. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno ya ci karo da maƙabartar Gobero a hamadar Tenere: kaburbura kusan 200 a bakin wani tabki da ya ƙafe, da ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa. Inda ayari ke tsoron ƙishirwa yau, a da masunta ne ke zaune. A Dufuna kuma, jihar Yobe, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya tarar da kwale-kwale mai shekara kusan 8,000. Sunan garin ya yi kama da ɗufana, amma kamannin suna ba hujja ba ne.

Batun Atlantis

Wannan shi ne sarkin bidiyoyin nan. Mu da muka karanta Musɗalahul Hadis, abin da za mu fara tambaya shi ne isnadi. Labarin ya fito daga mutum ɗaya, Aflatun, wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce an jiyo daga wani dattijo, daga Solon, daga malaman addinin Masar, game da tsibirin da ya nutse shekara 9,000 kafin Solon. Ba a sami wani rubutu da ya riga shi kawo wannan ba, ko a Girka ko a Masar. Maruwaici ɗaya, ga yankewar shekara 9,000 a tsakani: ko ɗan aji ɗaya ya san hukuncin wannan. Wasu suna nuna zoben duwatsu na Rishat a Muritaniya, mai faɗin kilomita kusan 40, suna cewa shi ne. Masana duwatsu sun nuna halittar ƙasa ce da ruwa da iska suka zaizaye, kuma ba a tono ko ganuwa ɗaya a wurin ba.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, ɗufana gaskiya ce don Allah Ya ba da labarinta, ko an tono allon jirgi ko ba a tono ba. Na biyu, al'ummu masu gini da fasaha sun ɓace har an manta sunansu, Gobero da Gobekli Tepe sun isa shaida, kuma Alƙur'ani ya umarce mu da yin tafiya cikin ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabata, irin su Adawa da Samudawa. Na uku, kafin ɗalibi ya tura wani bidiyo, ya tambaya: wa ya faɗa, a ina aka tono, wane masani ya tabbatar? Yaɗa ƙarya da niyyar kare addini, addinin take jawo wa dariya.

 Wallahu a'alam.